Daga Ƙwayar Sammore zuwa Garken Shanu: Nazari kan Aikin Binciken Farfesa Appolinaire Djikeng da Abin da Ya Shafi Kano

A watan Afrilu na 2023 Farfesa Appolinaire Djikeng, ɗan ƙasar Kamaru, ya kama aiki a matsayin babban daraktan Cibiyar Binciken Dabbobi ta Ƙasa da Ƙasa, wadda aka fi sani da ILRI, kuma shi ne ɗan Afirka na farko da ya hau wannan kujera tun da aka kafa cibiyar a tsakiyar shekarun 1990 ta hanyar haɗe wasu cibiyoyi biyu, ɗaya a Nairobi, ɗaya a Adis Ababa. Wannan rubutu ya bi sawun aikinsa ne daga farko zuwa yau, saboda ɗaliban kimiyyar dabbobi na Jami'ar Bayero da na jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil da na Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta, waɗanda da yawansu ke sha'awar ilimin ƙwayoyin gado, wato abubuwan da ke ɗauke da siffofin da 'ya'ya ke gada daga iyaye, amma ba su ga inda hanyar take ɓullewa ba. Abin da na fahimta daga tarihin aikin nasa shi ne, duk inda ya matsa gaba, matsalar da ya tarar ta fi ta baya kusa da garke, har ta kai ga tambayar da kowane mai kiwo a Kano zai iya fahimta, wato wace saniya ce ta fi nono, kuma wa ya rubuta.

Farkon aiki

Djikeng ya yi karatunsa na farko a Jami'ar Yawunde, sannan ya samu digirin digirgir daga Jami'ar Brunel da ke Landan a ƙarshen shekarun 1990. Binciken da ya fara yin suna da shi a kan ƙwayar cutar sammore ne, wadda ƙudan tsando ke yaɗawa. Makiyayanmu sun san wannan cuta sarai, domin ko da yake yawancin ƙasar Kano ba mazaunin tsando ba ne, garken da ya gangara kudu neman ciyawa da rani yakan dawo da ita: saniya ta rame, jininta ya ƙare, nononta ya janye, mai ciki kuma ta yi ɓari. Dalilin da ya sa har yau babu allurar rigakafinta yana cikin halittar ƙwayar kanta, domin tana lulluɓe da wata riga ta furotin wadda take sauyawa a kai a kai, ta yadda kafin garkuwar jikin dabba ta gama gane riga ɗaya, wasu daga cikin ƙwayoyin sun riga sun sa wata. Saboda haka aka dogara da magunguna irin su Berenil da Samorin, waɗanda aka shafe fiye da shekara 50 ana amfani da su, kuma a wurare da dama ƙwayar ta fara jure musu.

Daga nan ya wuce Jami'ar Yale a Amurka, inda ya yi aiki a ɗakin binciken da ke nazarin wata hanya da halittu ke bi su toshe aikin ƙwayar gado guda ɗaya. A 1998 ne Andrew Fire da Craig Mello suka bayyana wannan hanya, aikin da ya sa aka ba su kyautar Nobel a 2006. Amfaninta ga mai bincike a fili yake, domin idan ya toshe ƙwayar gado ɗaya ya ga abin da ya lalace, ya san aikin da take yi. Djikeng ne marubuci na farko a takardar da ta fito a 2001 wadda ta nuna ƙananan guntayen sinadarin da ke gudanar da wannan aiki a cikin ƙwayar sammore. Bayan haka ya koma cibiyar binciken ƙwayoyin gado ta TIGR a jihar Maryland, wadda daga baya ta narke cikin Cibiyar J. Craig Venter, kuma yana cikin ɗimbin masanan da suka wallafa cikakken kundin gadon ƙwayar sammore, wato jerin dukkan bayanan gadon da ke jikinta, a mujallar Science a 2005, inda aka ƙidaya ƙwayoyin gado kimanin 9,000, ɗaruruwa daga cikinsu na ɗinka rigar nan ne kawai. Ya kuma yi shekaru yana aiki a kan ƙwayoyin bairos, har ya shiga cikin waɗanda suka karanta kundin gadon nau'o'i 99 na ƙwayar mura a 2009.

Mai duba wannan zango zai iya cewa mutumin ya yi nisa da dabba, kuma da gaskiyarsa. Sai dai a waɗannan shekarun ne farashin karanta DNA, sinadarin da bayanan gado ke rubuce a cikinsa, ya faɗi warwas: aikin karanta kundin gadon ɗan Adam da aka kammala a 2003 ya ci kusan dala biliyan 3, yau kuwa ana yin irinsa da ƙasa da dala 1,000. Wanda ya zauna a inda ake sarrafa waɗannan na'urori a lokacin da suke sauyawa ya samu ƙwarewar da Afirka ke matuƙar ƙarancinta.

Komawa Nairobi

A 2009 ya koma Afirka, ya kama aiki a cibiyar binciken kimiyyar halittu ta BecA da ke harabar ILRI a Nairobi, daga baya kuma ya zama daraktanta. Tunanin da aka gina cibiyar a kansa mai sauƙi ne: tunda kowace jami'a ba za ta iya mallakar na'urori masu tsada tare da kula da su ba, a tara su wuri guda, mai bincike daga kowace ƙasa ya zo da tambayarsa da samfurinsa, ya yi 'yan watanni yana aiki a ƙarƙashin ƙwararru, ya koma gida da sakamako da kuma hannun da ya saba da aiki. Duk wanda ya san halin ɗakunan bincike a jami'o'inmu zai ga hikimar wannan tsari, domin sayen na'ura shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin. Wutar da ba ta yankewa, da firjin da zai riƙe samfurin jini cikin tsananin sanyi shekara da shekaru, da sinadaran da ake saye da dala, da ma'aikacin da zai gyara na'urar idan ta tsaya, su ne ke kayar da aiki. A wannan zango ne aikin Djikeng ya tashi daga binciken kansa ya koma horar da wasu, kuma a ganina wannan ne sauyi mafi nauyi a rayuwar aikinsa, ko da yake ba shi ne aka fi ambata ba.

Edinbura da matsalar ma'auni

A 2017 ya tafi Jami'ar Edinbura a Sukotland domin jagorantar Cibiyar Nazarin Gado da Lafiyar Dabbobin Ƙasashe Masu Zafi, CTLGH a taƙaice, wadda haɗin gwiwa ce tsakanin Cibiyar Roslin, inda aka samar da tunkiyar nan Dolly a 1996, da kwalejin aikin gona ta Sukotland da kuma ILRI, da tallafin Gidauniyar Gates da gwamnatin Birtaniya. A nan ne ya fuskanci tambayar inganta irin dabbobi kai tsaye, kuma sai an fahimci yadda aikin yake a ƙasashen da ya yi nasara kafin a gane inda ya cije a wurinmu.

A da, idan ana son sanin ko bijimi yana gadar da yawan nono, sai a yi barbara da shi, a jira 'ya'yansa mata su girma su haihu, a auna nonon da suka bayar, abin da kan ɗauki shekara biyar zuwa shida. A 2001 wasu masana uku, Meuwissen da Hayes da Goddard, suka kawo shawarar cewa idan aka samu dubban shanu da aka riga aka san yawan nononsu, aka kuma karanta dubban alamomi a DNA ɗinsu, za a iya ƙirƙiro lissafin da zai yi hasashen darajar maraƙi tun yana ɗan kwanaki, daga ɗigon jini ko 'yan silin gashin wutsiya. Da aka samu na'urar gwaji mai karanta alamomi kimanin 50,000 a lokaci guda, Amurka ta fara amfani da wannan hanya a hukumance a 2009, shekarar da aka wallafa kundin gadon saniya, kuma cikin 'yan shekaru tazarar da ke tsakanin bijimi da ɗansa da zai gaje shi a aikin barbara ta ragu da fiye da rabi. Amma abin da ya sa lissafin ya yi aiki shi ne shekaru masu yawa da manoman can suka yi suna auna nonon kowace saniya wata-wata ana rubutawa. DNA ba ta faɗin komai game da nono sai an jera ta kusa da abin da aka auna a ƙwarya.

Matsala ta biyu ita ce kundin da ake gwada sauran shanu da shi na wata saniya ce guda ɗaya daga irin Hereford na Turai, alamomin gwajin kuma yawanci daga shanun Turai aka tsamo su. Gwada Bunaji ko Rahaji da wannan kundi kamar auna hatsi ne da mudun wata kasuwa: za a samu adadi, amma ba zai dace da abin da ke cikin buhu ba. Masu bincike na CTLGH sun haɗa sababbin kundaye na shanun Afirka, wato N'Dama da Ankole, kuma a aikin da suka wallafa a 2022 sun gano haruffan DNA sama da miliyan 100 da babu su a kundin Hereford. Wani bincike da ya fito a 2020, wanda masanan ILRI suka shiga ciki, ya duba shanu 172 daga iri 16 na Afirka, ya nuna cewa yawancin shanun nahiyar gauraye ne na masu tozo da marasa tozo, cakuɗar da ta auku kimanin shekara 750 zuwa 1,050 da suka wuce, kuma daga ɓangarorin biyu suka gaji abubuwan da ke taimaka musu jure zafi da cututtuka. Ma'ana, farar saniyar da ake gani a karar Wudil ranar Juma'a sakamakon zaɓe ne na ƙarnoni, wanda makiyaya da fari da cuta suka yi tare. Djikeng yana kuma cikin waɗanda suka kafa shirin AfricaBP a 2021, mai burin karanta kundin gadon halittun Afirka fiye da 100,000 a cikin nahiyar kanta.

Maganin matsala ta farko kuwa, wato rashin rubutaccen ma'aunin nono, bai fito daga na'ura ba. Shirin inganta shanun madara na ILRI, wanda ya fara a Habasha da Tanzaniya a 2016, ya ɗauki ma'aikata ne suna bi gida-gida da wayar hannu suna shigar da yawan madarar kowace saniya da nauyinta da ranar haihuwarta, sannan aka haɗa wannan da gwajin DNA, aka fitar da jerin bijimai ruwa-biyu da suka fi dacewa da ƙananan manoma, manomi kuma yana samun saƙon shawara a wayarsa. Makamancin shirin na kaji ya iso Najeriya, inda aka raba wa gidaje a jihohi biyar, ciki har da Kebbi da Nasarawa, iri daban-daban da suka haɗa da Shika Brown ta cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, NAPRI, da ke Shika a Zariya, da FUNAAB Alpha ta jami'ar aikin gona ta Abeokuta, da Noiler da kajin Fulani, aka riƙa auna girmansu da ƙwansu da yawan mutuwarsu a hannun masu kiwo na gaske.

Dole a faɗi abin da ya rage a wannan tarihi. Cibiyoyin da Djikeng ya jagoranta domin dabbobin Afirka yawanci da kuɗin tallafi na waje suke tafiya, kuma shirin da ya dogara da tallafin shekara biyar yana cikin haɗari a fagen da saniya ke kai shekara uku zuwa huɗu kafin haihuwar fari. Haka nan har yanzu makiyayi mai yawo da garke, wanda shi ke riƙe da mafi yawan shanun Najeriya, bai ga wani abu a hannunsa daga ilimin kundin gado ba. Waɗanda suka fara amfana su ne masu shanu biyu ko uku a ɗaure a gida, a ƙasashen da ke da tsarin tattara madara.

Abin da ya shafi Kano

Kano ta daɗe da shiga harkar inganta iri ta ƙofar barbarar zamani, wato ɗura wa saniya maniyyin bijimin waje, kuma akwai cibiyar wannan aiki a Kadawa. A gefen birni ma ana ƙara samun 'yan kasuwa da ma'aikata masu ajiye shanu ruwa-biyu domin madara. Dalilin a bayyane yake: saniyar Holstein a Amurka tana ba da sama da lita 10,000 a shekara, Bunaji a ruga kuwa lita ɗaya zuwa biyu ake tatsa a rana bayan maraƙi ya sha, ƙasar kuma tana kashe kuɗin da hukumomi kan ƙiyasta da dala biliyan 1.5 a shekara wajen shigo da madara. Amma Holstein takan fara jin zafi tun ma'auni yana wajen digiri 25, alhali a watan Afrilu Kano takan haura 40, ga kaska, ga kirci da damina, ga tsadar dusa da harawa da rani.

Abin da aka gani a ƙasashe masu zafi da yawa, kuma NAPRI ta daɗe tana nazarinsa a haɗin Friesian ta Turai da Bunaji, shi ne 'yar farko, wadda ta ɗauki rabi daga kowane ɓangare, takan fi uwarta nono nesa ba kusa ba, kuma takan jure yanayi daidai gwargwado. Rikicin yana farawa ne daga jikoki. Idan aka haɗa ruwa-biyu da ruwa-biyu, ƙarfin da cakuɗar farko ta kawo yakan ragu, 'ya'yan kuma su fito a warwatse, wata ta yi kyau wata ta lalace. Idan kuma aka ci gaba da zuba jinin waje har ya wuce kashi uku cikin huɗu, sai saniyar ta buƙaci abinci da inuwa da magani irin wanda mai ita ba zai iya ba. Mai sayen karsana a kasuwa ba shi da hanyar sanin ko jinin waje a jikinta rabi ne ko ya fi haka, sai abin da dillali ya gaya masa da abin da launi ya nuna, launi kuwa yana yaudara. A nan gwajin DNA yana da amfani nan take, domin yana iya faɗin kason kowane iri a jikin dabba ko da babu tarihin iyayenta. Amma sanin wane kaso ne ya fi riba a Kumbotso ko Gezawa, a hannun mai ciyar da dusa da karan dawa, sai an auna shanun da ke can an rubuta na tsawon shekaru.

Akwai kuma asarar da ke faruwa a hankali ba tare da an lura ba. Ragon da ya fi girma da saurin ƙiba, Balami ne ko Uda, shi ake warewa a yi masa turka a sayar da shi da layya, sau da yawa kafin ya bar zuriya, wanda ya rage a gida yana barbara kuwa shi ne wanda bai yi kasuwa ba. Jar akuyar Sakkwato, wadda fatarta ta ɗaga sunan majemar Kano har ta ƙetare Sahara Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko, tana gauraya da kowace akuya ba tare da wani tsari ba, alhali maƙwabtanmu a Nijar sun ware mata cibiya a Maraɗi, kamar yadda suka ware tashar Tukunus domin shanun Azawak. Gyaran wannan ba ya buƙatar na'ura mai tsada. A Habasha, tun 2009, ƙauyukan masu tumakin Menz da Bonga da Horro suka fara sa wa 'yan raguna lamba a kunne, ana auna nauyinsu a ƙayyadaddun watanni, jama'a su taru su zaɓi mafi kyau, ƙungiya ta saye su domin barbara kafin su tafi kasuwa, kuma nauyin tumakin ya riƙa ƙaruwa daga zuriya zuwa zuriya.

Ba daidai ba ne a ce makiyayanmu ba su da tarihin dabbobinsu. Bafulatani ya san kowace saniya da sunanta, ya san uwarta da kakarta, ya san gidan da ke da nono da wanda ke jure tafiya, matarsa mai tatsa kuma ta fi kowa sanin wadda hantsarta ke cika. Abin da babu shi ne ma'auni ɗaya da zai ba da damar gwada saniyar wannan ruga da ta waccan, domin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku ne kawai na bambancin nono tsakanin shanu yake zuwa daga gado, saura daga abinci ne da lafiya da kulawa, kuma ba a iya rarrabe su sai da lissafi a kan dabbobi masu yawa. Mai binciken da zai tattara wannan bayani zai gamu da wani tarihi, domin mutanen da kakanninsu suka biya jangali ba su manta cewa ƙidayar shanu takan zo da haraji a bayanta ba, baya ga cewa faɗin yawan dukiya ba ɗabi'arsu ba ce, a zamanin satar shanu kuma haɗari ne. Saboda haka sai ya bi ta hannun arɗo, ya tabbatar wa masu garke inda bayanin zai tsaya, ya kuma zo da abin da za su gani da wuri, kamar rigakafin ciwon huhu ko maganin kaska, kafin ya fito da littafi da sikeli.

Tun da aka kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya a 2024, maganar inganta iri ta sake tasowa, kuma akwai fargabar a fassara ta da shigo da maniyyi da karsanai kawai, domin su ne ake iya nunawa a ranar ƙaddamarwa. Kano tana da abin da ake buƙata domin ta bi wata hanyar: akwai Cibiyar Nazarin Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa a Jami'ar Bayero, akwai jami'a a garin da babbar karar shanu take, akwai wuraren tattara madara da mata ke kai nono kullum ana aunawa, akwai kuma NAPRI a Zariya, tafiyar 'yan sa'o'i. Ɗalibin da ya ɗauki garke 50 a ƙananan hukumomi biyu, ya sa wa kowace dabba lamba, ya auna nono sau ɗaya a wata, ya rubuta haihuwa da ciwo da mutuwa, ya kuma adana gashin wutsiyar kowace saniya a ambulan mai lamba, zai iya aika samfurin a karanta a ko'ina idan kuɗi ya samu, kuma yarjejeniyar Nagoya, wadda ta fara aiki a 2014, ta ba ƙasar da samfurin ya fito haƙƙi a kan amfanin da aka samu daga gare shi. Sai dai digirin digirgir shekara uku zuwa huɗu ne, wanda bai kai a ga nonon 'ya'yan bijimi ɗaya ba, don haka aikin ba zai ɗore a kan ɗalibi ɗaya ba sai jami'a ko gwamnatin jiha ta ɗauke shi a matsayin nata, ta sa albashin masu aunawa da kuɗin man baburansu a cikin kasafin kowace shekara.